Naman Gobe Yana Hannunki

Bauchi, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Asma'u, mai sunan mahaifiyata, wadda bakina bai iya kira sai dai in ce Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya kai ki Ibadan lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya, na ƙarfe da na mutum, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki, Ya sa ki shiga wannan aiki da ƙafar dama. Innarki ce za ta cusa wannan takarda a jakarki. Na san in na miƙa miki da hannuna a gabana za ki buɗe, ni kuwa ba zan iya tsayawa ina kallo kina karanta kurakuraina ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Ga ki za ki kama aiki a kamfanin sarrafa nama, inda aka ce injuna ne ke fiɗa, ke kuma aikinki ki duba ki ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Ni na haura shekara arba'in ina fawa, kuma alhamdu lillahi yau ina cikin waɗanda suka ci riba da zamani. Da yawa daga waɗanda muka fara tare sun rataye wuƙa sun koma gida, ni kuwa shagona a buɗe yake, ana layi. Amma ba wayo ne ya kawo ni nan ba. Faɗuwa na yi ta yi, ina tashi. Ina so in nuna miki ramukan da na faɗa, don in kin gan su a gabanki ki gane su.

Ina da shekara ashirin ko kusa da haka, kakanki ya fara bar mini tebur in ya tafi kara, kasuwar dabbobi, sayen shanu. Wata rana cikin bazara nama ya yi mana kwantai, ya kwana, ya sake wuni. A lokacin babu wanda ya san firiza a layin mahauta. Da safe na ga ya fara yin duhu, sai na ɗebo sabon jini daga kwata na shafe shi, ya yi ja kamar yanzu aka yanka. Wani malamin firamare, Malam Hamza, ya zo sayen ƙarin nama, matarsa ta haihu, ragon suna bai isa jama'a ba. Na auna masa, har na yi masa gyara, yana ta sa mini albarka.

Kwana biyu bayan haka ya dawo. Bai ɗaga murya ba. Ya gaida kakanki, ya ce, "Malam, naman da na saya ranar suna, na ranar ne ko kwananne?"

Kakanki ya juyo ya dube ni. Na kawar da kai, nan take ya gane. Ashe mutum fiye da goma sun kwanta da amai da gudawa, maijego kanta sai da aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa, jariri yana gida yana kuka babu nono. Allah Ya rufa asiri babu wanda ya mutu. Kakanki bai doke ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa Malam Hamza ya lissafa masa gidajen, ya tasa ni gaba gida gida, in durƙusa in ce ni ne na yi. A hanyar dawowa ya ce mini, "Sale, mai tufa bayan jiki yake sayar wa kaya, in ya yi ha'inci a tuɓe a yar. Mu abin da muka miƙa wa mutum yau, gobe ya zama jininsa."

Ummi, inda za ki babu wanda zai ga fuskarki. Mai saye leda zai gani da rubutu a jiki, kuma leda ta fi jinin kwata iya ɓoye ƙarya. Wata rana wani babba zai zo ya ce miki kaya sun yi yawa, a ɗan gyara kwanan watan da ke jikin leda, babu wanda zai sani. Ki tuna akwai maijego a ƙarshen kowace hanya da naman nan zai bi. Ki ce a'a cikin ladabi, ki sake cewa a'a. In aikin ya ƙare a kan haka, ki tattara kayanki ki dawo, ni da kaina zan tare ki a tasha ina alfahari.

Wancan kuskure na ƙuruciya ne. Wanda ya fi cin raina na yi shi ne ina da gemu, ina da iyali, ana ce mini maigida a layi.

Akwai wata nas, Madam Rifkatu, mutuniyar wajen Bogoro, mijinta yana aiki a sakatariya. Duk Asabar takan zo ta sayi cinya da tozo, don girkin Lahadi bayan an taso coci. Shekaru muna haka, har yaranta na sani. Ran nan ta zo ta ce, "Malam Sale, yau rabin abin da na saba za ka ba ni. Kuma tsoka zalla, ka cire kitsen. Likita ya ce maigida yana da hawan jini, ya rage jan nama."

Maimakon in ce Allah Ya ba shi lafiya, sai na ɗaga murya don maƙwabta su ji. Na ce, "Madam, kakanninmu da tozo suka tsufa. Shi likitan me yake ci, ganye?"

Layi ya ɗauki dariya. Ta dube ni, ta ɗaure bakin jakarta, ta ce, "To, sai an jima." Ba ta sake zuwa teburina ba.

Ban ɗauki darasi ba. A shekarun da suka biyo baya shanu suka yi ta tsada, wadda ta saba sayen kashi uku ta koma ɗaya, ta cika tukunya da kifi ko awara. Ma'aikata suka koma kaza. Maƙwabcin teburina, Audu, ya kafa keji ya fara yanka kajin gidan gona yana fige su yana sayarwa. Ni ne kan gaba wajen yi masa ba'a. Nakan ce Audu ya koma fawar mata, kaza ai ba nama ba ce, abin lallashin mara lafiya ce. Ina zagin zamani, ina cewa mutane sun zama marowata. Sai wata rana na yanka sa guda, la'asar ta yi rabinsa yana rataye ina kaɗa ƙuda, Audu kuwa tun azahar ya wanke teburinsa ya tafi ɗaurin aure. Ranar ce na fara zargin cewa wataƙila ba mutanen gari ne suka haukace ba.

Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne gindin sana'armu nan gaba. Mutane ba za su daina cin nama ba, amma ba za su ci shi yadda ubana ya sayar da shi ba. Za su ci kaɗan, za su so mai tsabta, za su so iri-iri, kuma za su yi tambaya. Wani aljihunsa ne ya canza masa baki, wani likita ne, wani kuma ya gani a waya ne. Duk wanda ya zo miki da sabuwar buƙata, labarin gobe ya kawo miki kyauta. Kada ki yi masa dariya. Ki tambaye shi dalili, ki saurara har ya gama.

Sai maganar manyan shanu. Ni mutum ne mai son a ce. Ina son in sauke bijimi mai ƙaho kamar reshen kuka, a taru a kwata ana cewa na Sale ne. Har Potiskum nake zuwa nemansu. Akwai wani Bafillace da muka daɗe muna hulɗa, Jauro Bello, rugarsu tana bayan Zungur. Ya same ni wata rana ya ce kiwo na yawo yana ƙarewa. Burtali ya zama gona, gona ta zama gida. Gaskiya ya faɗa, don wannan Gwallameji da kike gani cike da gidaje masu get da motoci, ina yaro na ga shanu suna kiwo a wurin. Ya ce, "Ni ina da maruƙa, kai kana da fili a Inkil, manoma kuma suna ƙona kara bayan girbi. Mu ɗaure su wuri ɗaya mu ciyar da su."

Na ce, "Jauro, turka ai aikin tsofaffin mata ne da ragon layya. Ni ba na fawar maraƙi."

Ya yi murmushi ya ɗauki sandarsa.

A wannan shekarar na sayo bijimai uku daga nesa, aka cusa su a mota da wasu kamar buhuna. Motar ta lalace a hanya cikin tsakiyar zafi, suka yi wuni biyu babu ruwa babu inuwa. Ɗaya ya mutu kafin a kai masa wuƙa. Biyun da suka iso sun zube, jikinsu duk tabo, da aka feɗe naman ya yi baƙi-baƙi, ya yi tauri, duk inda igiya ta ci jini ya kwanta. Na tsaya a kansu na ji kunyar Allah kafin kunyar mutane. Dabbobin nan sun sha azaba ne don kawai a ce na Sale ne.

Sati bai zagayo ba na hau mashin na tafi rugar Jauro. Na yi ta kewaye-kewaye ina tambayar lafiyar shanu da ta yara. Ya bar ni na gama, ya sa aka kawo mini nono, sannan ya ce, "Maruƙa nawa za mu fara da su?"

Ke shaida ce a kan abin da ya biyo baya. Muka kafa rumfa a Inkil, muka haƙa rijiya. Harawa, dusa, kowar wake, yankakken karan masara, ɗan kanwa. Manoman da ke kusa suka fara kawo mana kara suna kwasar taki, wanda a da in ya ga saniya sai ya ɗauki sanda, yanzu shi ke zuwa da amalanke yana tambayar lafiyarta. Cikin 'yan watanni maraƙi yakan cika ya yi sheƙi, namansa ya yi laushi, tsohuwa marar haƙori ma ta ci. Babu doguwar tafiya, babu faɗa da mai gona. Abin da na raina shi ya tsayar da ni da ƙafafuna.

Don haka in kin ga dabba tana shan wahala a wurin aikinki, ana dukanta, ana barinta da ƙishi, kada ki ce ba sashenki ba ne. Namanta zai faɗi abin da aka yi mata, Allah kuma zai tambaya. Kuma kada ki raina shawara don mai ba da ita ba ya jin Turanci. Jauro bai taɓa zama a aji ba, amma ya hango abin da ni da nake cikin birni ban hango ba. A can ma za ki tarar da tsofaffin ma'aikata masu fiɗa da wanke ƙasa. Ki gaishe su da sunansu, ki tambaye su. Akwai abin da suka sani wanda ba ya cikin takardunki.

Yanzu na zo kan kuskuren da na yi miki.

Kin zo hutu daga jami'a, kina shekara ta biyu a karatun kimiyyar abinci. Kika bi ni Inkil. Wani sa yana tari, na yi masa allura, na ce wa Jauro jibi za mu kai shi kwata kafin ya rame. Kika ɗauki kwalbar kika karanta, kika ce, "Baba, an rubuta a nan sai an jira kwanaki kafin a yanka. Maganin yana nan cikin naman."

A gaban Jauro na ce, "Na tura ki makaranta ne don ki dawo ki koya mini fawa? Tun kafin a haifi uwarki nake yanka. Me ya haɗa mace da turke?"

Ba ki yi kuka ba. Kika ajiye kwalbar a hankali kika ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Amma in ka yanka shi jibi ni ba zan ci ba, kuma zan gaya wa Inna dalili."

Kin kuwa gaya mata. Kwana uku a jere ana kawo mini tuwo da miyar kuka lami, gidan mahauci guda babu ko ƙashi a miya. Na tambayi innarki, ta ce ai tana jiran naman da babu allura a ciki ne. A rana ta huɗu na je na sami likitan dabbobi, a zuwan wani abokina ne ke tambaya. Ya ce yarinyar da ta gaya wa abokin naka haka ta yi gaskiya. Ya ce maganin yana bin nama ya shiga jikin mutane kaɗan kaɗan, har ranar da za su kwanta ciwo a ba su irinsa ya ƙi aiki. Na bar san ya cika kwanakinsa. Na dawo gida na ce a sa nama a miya, ban ƙara cewa komai ba, ke ma ba ki tayar da maganar ba.

Ban taɓa ba ki haƙuri ba. Yau ina ba ki. Ki yafe mini, Ummi. Na kunyata ki a gaban baƙo alhali ke ce mai gaskiya. Abin da nake so ki ɗauka daga nan ba taurin kaina ba ne, yadda kika yi ne. Ba ki zage ni ba, ba ki kuma janye ba. Za ki haɗu da maza irina da yawa, masu furfura da shekaru a sana'a, waɗanda za su ji zafi mace ƙarama ta gyara musu. Ki yi musu yadda kika yi mini. Ki bar musu hanyar da za su dawo ba tare da sun zubar da girmansu ba, amma kada ki matsa daga kan gaskiya ko taku ɗaya.

Daga ranar na fara sauraronki, kuma daga ranar arzikina ya juya. Ke kika ce mu bar tebur mu kama shago a Gwallameji, inda ma'aikata ke wucewa da yamma a keke da mota, ba su da lokacin shiga kasuwa. Ke kika ce sola da firiza, don kada mu dogara da wutar da ba ta da alƙawari. Gilashi da raga, ƙuda ya tsaya a waje. Sikeli a gaban mai saye, yana gani da idonsa. Ƙananan ƙulli, wanda mai ɗan abin hannu zai ɗauka ba tare da jin kunya ba. Lamba a kunnen kowane sa. Mata suna aiko saƙo ta waya daga ofis, mai keke ya kai musu har gida. Na kira Audu, wanda na yi shekaru ina yi wa ba'a, na ce ya riƙa kawo mini kaji. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya kawo, har yau shi ke kawowa. Muka ƙara naman akuya, zabi, zomo, tarwaɗa. Abin da ya ragu innarki ta mayar da shi dambu da kilishi, ƙashi da fata ma suna da masu zuwa ɗauka. Babu abin da ke kwana ya lalace.

Inda muka yi dogon ja shi ne awara. Na ce ni ɗan mahauci jikan mahauci, a ganni ina sayar da waken suya? Kika ce, "Baba, wadda ta sayi nama kaɗan za ta je wani wuri ta sayi awara ta cika tukunya. Me zai hana ta saya a nan?" Haka na bari aka kawo ta. Yau tsiren awarar nan da ake barbaɗa wa yajin ƙuli yana riga tsiren nama ƙarewa, ni kaina nakan ci biyu in babu mai kallo.

Wata Asabar ina bayan gilashi sai ga wata dattijuwa ta shigo, kanta ya yi fari. Ta dube ni, ta dubi firiza, ta sake dubana. Ta ce, "Malam Sale? Kai ne a nan?"

Madam Rifkatu ce. Ashe sun yi gini a unguwar bayan mijinta ya yi ritaya. Na fito na gaishe ta, na tambayi lafiyar maigidanta. Ta ce yana nan da ƙarfinsa, yana noman rani a bayan gida. Na ce, "Madam, na yi miki rashin kunya shekarun baya, ban manta ba."

Ta ce, "Ni ma ban manta ba. Likitan nan dai har yanzu ganye yake ci." Ta yi dariya. "Me kake da shi marar kitse?"

Na jera mata zomo, kaza, tsokar maraƙi da aka gyara tas. Ta ɗauki zomo biyu. Satin da ya biyo ta zo da mata uku daga cocinsu. Ranar na koma gida ina tafe kamar wanda aka yi wa naɗi.

Sai kuma zuwan mutanen wani otal da suke neman mai kawo musu nama. Sun zaga wurare da yawa kafin su zo mana. Babbansu ya ɗauki ƙulli ɗaya daga firiza ya ce, "Wannan daga ina?" Yana zaton zan ce daga kwata. Na dubi lambar da ke jiki na ce masa wannan jan maraƙi ne, an haife shi a rugar Jauro Bello bayan Zungur, ya yi wata huɗu a turkenmu na Inkil, ga abin da ya ci, rabonsa da allura tun kafin azumi, likita ya duba huhunsa da hantarsa ranar da aka yanka. Na ce in yana so ya hau mota mu je ya ga 'yan'uwansa. Ya je kuwa. Tun daga ranar mu ke kai musu.

Amma duk wannan bai kai ranar taron mahauta ba. Sarkin fawa ya aiko a ce in zo da ke. Dattawan da suka ce na lalace, na koma sayar da abincin 'yan makaranta, suna zaune a kan tabarma, kika tsaya da hijabinki kina yi musu bayanin allura da sanyi da tsabtar wuƙa, suna ɗaga hannu suna tambaya kamar 'yan aji. Wani tsoho da ya girmi ubanki ya ce, "'Yar nan, in na kawo jikata za ki koya mata?" Na sunkuyar da kai don kada a ga idona. Yanzu shaguna irin namu sun fara fitowa a unguwanni, wasu suna ce mini za su ƙwace mini ciniki. Su ƙwace. Garin da mahautansa suka gyaru ya fi mini shago ɗaya mai layi.

Kwanaki kin nuna mini a waya cewa a wasu ƙasashe ana haɗa abin da ya yi kama da nama daga wake, har wai ana tsirar da tsoka a ɗakin bincike ba tare da an yanka dabba ba. Ban san gaskiyar abin ba, ban san ko zai iso nan ina da rai ba. Hukuncin cinsa kuma na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan ce miki kawai, kada ki yi masa dariyar da na yi wa kaza, kada kuma ki durƙusa masa don daga waje ya zo. Ki tambaya: lafiya ne a ciki? Talaka zai iya saya? In ya zo, 'ya'yan Jauro me za su ci? In akwai hanyar da makiyayi da mahauci za su shiga ciki su tsira da mutuncinsu, ku masu ilimi ku ne za ku nemo mana ita. Mu mun kawo sana'ar nan daga tebur da ƙuda zuwa gilashi da sanyi. Daga nan gaba naku ne.

Saura abu ɗaya, wanda ko innarki ban taɓa gaya wa ba. Ranar da na kai ki firamare, malamin da ke rubuta sunaye ya tambayi sana'ar uba. Akwai mutane a bayana, masu manyan riguna, 'yan ofis. Na ce, "Ɗan kasuwa." Haka ya rubuta. Na yi haka ne don ina yaro an sha kirana ɗan bangaro, an sha toshe hanci in na wuce, na san gidajen da ba a ba mu aure. Na ce kada wannan ya bi ki. Amma da na fito daga makarantar sai na ji kamar na yi musun ubana a kabarinsa, mutumin da ya ciyar da rabin unguwa bai taɓa tauye mudu ba. Na yi shekaru da wannan abu a ƙirjina.

A Ibadan za su tambaye ki. Za su ga takardunki da Turancinki su zaci 'yar wani darakta ce. Ki gaya musu ke 'yar mahauci ce daga Bauchi, jikar mahauci, kin san warin kwata tun kafin ki san warin ɗakin bincike. Ki faɗa da muryar da kika yi wa dattawa bayani da ita, ba ƙasa-ƙasa yadda ubanki ya yi ba. Na ɓoye sunan sana'ata sau ɗaya don in kare ki, ke kuma kika ɗauke ta kika wanke ta kika dawo mini da ita abin alfahari.

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko injin yana gudu. Ki ci abinci, kada ki zauna da yunwa a tsakiyar nama. Ki riƙa kiran innarki, ita ba za ta ce tana kewarki ba, sai dai ta yi ta goge waya.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya kare ki daga mugun ji da mugun gani, Ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar duk wanda ya ci abin da kika duba. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Sale Mahauci.